GUDUN MOTA A ƘOFAR MAKARANTA: ABIN DA DOKA TA CE DA ABIN DA ZA MU YI

Kwalta ta kawo mana alheri mai yawa. Hatsi yana kaiwa kasuwa da wuri, marar lafiya yana isa asibiti kafin dare. Amma makarantunmu na firamare da yawa a bakin hanya aka gina su, kuma safe da rana yara suna ƙetare titin da manyan motoci suke bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Saboda haka ya kamata kowane uba da kowace uwa su san wannan magana.

DON ME AKE CEWA KILOMITA 30?

Mota ba ta tsayawa nan take. Daga sa'ad da direba ya ga yaro zuwa sa'ad da ƙafarsa ta taka burki, akan yi wajen daƙiƙa guda, motar kuwa tana tafiya. In tana gudun kilomita 30 cikin awa, za ta ci wajen mita 8 a wannan daƙiƙa, sa'an nan burki ya ci wajen mita 5 a busasshiyar kwalta. Duka mita 13 ke nan. In kuwa tana gudun kilomita 60, za ta ci mita 17 kafin a taɓa burki, burkin kuma ya ci wajen mita 20, gama in gudu ya ninka biyu, nisan burki yakan ninka huɗu.

To, a ce yaro ya fito da gudu mita 15 a gaban motocin nan biyu. Ta fari za ta tsaya kafin ta kai gare shi. Ta biyu za ta buge shi da dukan ƙarfinta, direba bai ko taka burki ba tukuna. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, ko mota ta yi lodi, nisan ya fi haka.

Ga kuma halin yara. Yaro gajere ne, motar da aka ajiye a gefen hanya takan ɓoye shi. Ƙaramin yaro bai iya auna saurin motar da ke tahowa ba, in kuwa ya hangi abokinsa a ƙetare sai ya ruga. Ba a iya mai da yaro babba, amma ana iya rage gudun mota.

ABIN DA DOKA TA CE

Littafin dokokin hanya na Nijeriya ya sa iyakar gudu cikin gari kilomita 50. Wannan iyaka ce, ba wai tilas a kai ta ba. Inda aka kafa allo mai lamba ƙasa da haka, allon ake bi. A Ghana dokar hanya ta 2012 ta sa kilomita 30 kusa da makaranta, da asibiti, da kasuwa. A 2020 ministocin ƙasashe da suka taru a Stockholm ta ƙasar Suwidin sun yi kira a tsai da kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. A 2021 birnin Faris ya sa wannan iyaka a yawancin titunansa.

KU SAN ALAMUN HANYA

1. Allo mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne. In an zana yara a ciki, makaranta tana gaba, a ɗaga ƙafa daga totur.
2. Allo mai da'ira da jan baki hani ne. In an rubuta 30 a ciki, wanda ya wuce haka ya karya doka.
3. Da'ira shuɗiya umurni ce, tana nuna abin da za a yi.
4. Jan allo mai kusurwa takwas yana nufin a tsaya cik, a duba, kafin a wuce.
5. Fararen layuka masu faɗi a kan kwalta wurin ƙetarewa ne. Direba ya tsaya wa mai ƙetarewa, kada kuma ya ajiye mota a kansu.

HANYAR TA WACE CE?

Nan ne jama'a sukan ɓata lokaci, su kai kuka inda ba a iya share musu hawaye. Hanyoyinmu iri uku ne: na Gwamnatin Tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin gina titunan cikin gari da kula da su, har da fitilu da magudanan ruwa. In makaranta tana bakin irin wannan titi, kansila da ciyaman ne za a nema. In hanyar jiha ce, sai Ma'aikatar Ayyuka ta jiha. In babbar hanyar Tarayya ce, sai ofishin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ke babban birnin jiha. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon kama masu gudun wuce ƙa'ida, tana kuma koyar da yara a makarantu. Lambarta ta gaggawa ita ce 122.

Allo kaɗai ba ya tsai da mota. Tudun rage gudu ya fi shi aiki, amma kada matasa su tashi cikin fushi su tara ƙasa ko su jera itace a kan titi. Tudun da ba fenti, ba allon gargaɗi a gabansa, yakan kā da mai babur da dare, a nemi tsare rai a rasa wani. A bar injiniya ya auna tsawonsa da faɗinsa.

ABIN DA ZA KU IYA YI

Ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna da hedimasta da dagaci. A ƙidaya yaran da suke ƙetare titi kowace rana, a rubuta lokacin zuwa da na tashi, da hatsarin da aka taɓa yi a wurin. A rubuta takarda, a sa hannu, a ajiye kwafi, a riƙa komawa ana tuni. Kafin hukuma ta amsa, a sa babban mutum guda da jar tuta ya riƙa ƙetarar da yara safe da rana. A sare ciyawar da ta rufe allo. A roƙi masu talla su matsa daga ƙofar makaranta. In da hali, a juya ƙofar ta dubi ƙaramar hanya. A je tasha a yi magana da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa, gama su ma suna da 'ya'ya a makarantar.

A gida kuma a koya wa yara. Tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama suke bi, don haka motar da ta fi kusa da mai ƙetarewa daga hagu take fitowa. Yaro ya tsaya, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu, sa'an nan ya ƙetare da tafiya, ban da gudu. Inda babu hanyar ƙafa, ya bi gefen hagu yana fuskantar motoci. Ƙanana kuwa a riƙe musu hannu.

Kai kuma direba, in ka rage daga 60 zuwa 30 tsawon rabin kilomita, rabin minti kaɗai ka rasa. Rigakafi ya fi magani.