Ƙosawa da Nuna: Yadda Ake Nunar da Tumatirin Ƙarshen Kaka a Cikin Ɗaki a Ƙasashe Masu Sanyi

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe irin su Ingila da Kanada da arewacin Amurka, mai lambun tumatir yakan shiga tsaka mai wuya daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Rana tana gajarta, zafi yana raguwa, ga shuka cike da 'ya'ya kore shar. Dare ɗaya na raɓa mai daskarewa ya isa ya kashe shukar, ya ɓata abin da ke jikinta. Saboda haka ake tsinke tumatirin tun yana ɗanye, a shigar da shi ɗaki ya ƙarasa a can. Wannan maƙala ta bayyana dalilin da ya sa hakan yake yiwuwa, tare da nuna cewa Hausa tana da kalmomi biyu da suka ɗauke asirin al'amarin: ƙosawa da nuna.

2.0 Bambancin Ƙosawa da Nuna

Bahaushe yakan ce mangwaro ya ƙosa, alhali bai nuna ba. Ƙosawa ita ce cikar girma da cikar halitta, nuna kuwa ita ce sauyin launi da laushi da ɗanɗano. Tumatirin da ya ƙosa zai nuna ko da an raba shi da uwarsa, amma wanda bai ƙosa ba sai dai ya yanƙwane.

Ana gane ƙosasshe da cikar girmansa da ƙyallin fatarsa, da yadda korensa yake fara kwaɗewa zuwa fari-fari daga gindi. Idan an yanka ɗaya domin gwaji, za a tarar da ruwa mai yauƙi ya kewaye ƙwayoyin iri, har su riƙa zamewa daga bakin wuƙa. In wuƙa ta raba ƙwayoyin biyu, to, bai kai ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta kasa launin tumatir mataki 6, daga kore zuwa ja wur. Wanda ya shiga mataki na biyu, wato ɗan ja ko rawaya ya fara ɓullowa a gindinsa, shi ne mafi tabbas.

3.0 Abin da Ke Haddasa Nuna

Mutane da yawa suna jera tumatir a bakin taga bisa zaton hasken rana ne yake nunar da shi. Ba haka ba ne, domin yana nuna ko a cikin duhu. Jagoran aikin wata iska ce mai suna etilin, wadda ɗan tumatirin yake fitarwa da kansa. A shekarar 1901 masanin Rasha Dimitry Neljubow ya gano tasirin wannan iska a kan tsirrai, sannan a 1934 Richard Gane ya tabbatar a Ingila cewa 'ya'yan itatuwa suna samar da ita. Da zarar ta fara fita, sinadarin da ke ba fata launin kore yakan rushe, wani mai suna laikofin ya maye gurbinsa da ja, naman ya yi laushi, ƙamshi ya bayyana. Ayaba da tuffa da mangwaro duk haka suke. Lemo da inabi kuwa ba sa ƙara zaƙi bayan an tsinke su.

Abu na biyu shi ne yanayin ɗaki. Nuna ta fi kyau tsakanin digiri 18 zuwa 21 a ma'aunin Salshiyos, inda ƙosasshen tumatir yakan ɗauki kimanin mako 2. A wajen digiri 13 yakan kai mako 3 zuwa 4. Ƙasa da digiri 10 sanyi yana yi masa lahani, shi ya sa firji ba wurin ɗanyen tumatir ba ne. Sama da digiri 30 kuwa samuwar laikofin takan tsaya, sai ya tsaya a rawaya-rawaya.

4.0 Hanyoyin da Ake Bi

Da farko ana ware duk wanda ya fashe ko ya ƙuje ko yake da tabo, domin ruɓaɓɓe ɗaya yakan ɓata saura. Sannan a jera lafiyayyun a kwali, layi ɗaya, a shimfiɗa takarda a ƙasa, kada su danne juna. Mai gaggawa yakan sa kaɗan a jakar takarda tare da nunanniyar ayaba ko tuffa, domin iskar da take fitarwa ta zaburar da su. Ba a amfani da leda, saboda tana riƙe danshi, danshi kuma yana kawo fumfuna. Wasu sukan tumɓuke shukar gaba ɗaya su rataye ta kai ƙasa a rumfar ajiya. Mai dabara yakan raba amfaninsa gida biyu, wani a ɗaki mai ɗumi, wani a mai sanyi-sanyi, don kada su nuna masa lokaci guda. Ana duba su kowane kwana biyu. Waɗanda ba su ƙosa ba ma ba a zubar da su: a Ingila ana dafa su da sukari da ruwan tsami a adana a kwalba, a kudancin Amurka kuma ana soya su.

5.0 Kammalawa

Manomin Kadawa ko Kura a Jihar Kano ba ya fargabar raɓa mai daskarewa. Abokin gabarsa zafi ne da nisan tafiya, domin tumatirin da aka tsinke ja wur aka danna a kwando yakan fara ruɓewa kafin ya isa Legas. Sai dai ilimin guda ne: wanda aka tsinke yana ƙosasshe ya fi jure hanya, kuma zai nuna a inda aka kai shi. Ga masu fassara da rubuta littattafan kimiyya da Hausa, akwai abin lura biyu. Kalmar kaka tana nufin lokacin girbi bayan damina, don haka idan an aro ta ga yanayin Turai, ya kamata a fayyace cewa sanyi ne yake biye da ita, ba rani ba. Haka nan, bai dace a riƙa cakuɗa ƙosawa da nuna ba, tunda harshen ya riga ya bambanta abin da kimiyya ta zo ta tabbatar.