Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gano Musabbabin Ƙugi a Tsohuwar Amfilifayar Jita a Fagge da Sabon Gari

Gabatarwa

Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, an kafa Sabon Gari domin baƙin da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Fagge kuwa tun da can zango ce ta fatake a bayan ganuwa. Ta waɗannan unguwanni biyu ne kiɗan zamani ya samu gindin zama a Kano, musamman a otal-otal da gidajen rawa. Ko Bala Miller na Zariya, wanda ya yi fice a shekarun 1970 da 1980, da jita da amfilifaya ya isar da waƙoƙinsa na Hausa. Ragowar amfilifayoyin wancan zamani sun tsufa, kuma babbar cutarsu ita ce ƙugi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowace irin ƙara tana faɗin inda ta fito, in dai an saurare ta kafin a ɗauki sukurudireba.

Yadda Amfilifaya Take Aiki

Tsarkiyar jita ta ƙarfe ce, a ƙarƙashinta kuma akwai maganaɗisun da aka naɗe da siririyar waya. Idan aka kaɗa tsarkiya, sai wata 'yar wutar lantarki mai rauni ta bi waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ninka ƙarfinta ta miƙa wa lasifika. Tsofaffin amfilifayoyi, irin na kamfanin Fender da aka kafa a Amurka a 1946 da na Marshall da ya soma a Ingila a 1962, da bawul suke wannan aiki, wato wasu kwalabe masu kama da ƙwan fitila waɗanda suke ɗaukar zafi. Abin lura a nan shi ne, amfilifaya ba ta bambanta kiɗa da hayaniya. Duk abin da ya shiga bakinta, ƙara masa murya take yi.

Raba Hanya Biyu

Gwanin gyara yakan fara da gwaji biyu. Na farko, ya zare wayar jita. Idan ƙarar ta ɗauke, to, laifin na jita ne ko na wayar, ba na akwatin ba. Na biyu, idan ba ta ɗauke ba, sai ya murɗa maɓallin murya ƙasa. In ƙarar ta ragu tare da shi, cutar tana gaban maɓallin, wajen bawul na farko. In kuwa ta tsaya yadda take, to, tana bayansa, ko a sashen da yake ba da wuta. Da wannan kaɗai an rage rabin wahala.

Ire-iren Ƙara

Ɗalibin Hausa zai ga amfanin amsa-kama a nan, domin da ita mai kaya yake bayyana wa mai gyara damuwarsa.

Na ɗaya, ƙugi mai kauri, “huuum”. Wutar lantarkin Nijeriya tana kai-da-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma maganaɗisun jita yakan tsinci wannan kaɗawa daga tiransifoma ko doguwar fitila mai farin haske. Shaidarsa ita ce, idan makaɗi ya juya jikinsa, sai ƙugin ya ragu ko ya ƙaru. Wannan matsala ce ta sa kamfanin Gibson ya fito da maganaɗisu mai naɗi biyu a 1957. Rashin wayar da take sauke wuta ƙasa ma yakan ƙara tsananta shi.

Na biyu, ƙugin da ya fi wancan tashi, mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, wanda bai damu da maɓallin murya ba. Wannan alama ce ta manyan kwandansoci masu tace wuta sun bushe. Akwai danshi a cikinsu, kuma shekaru da zafin bazarar Kano sukan ƙafar da shi. Maganinsu canji kawai.

Na uku, “ƙaras-ƙaras” a lokacin da ake murɗa maɓalli. Galibi ƙurar hunturu ce ta shige ciki, ko tsatsa ta kama bakin da ake cusa waya. Wankewa da ruwan fesawa na kayan lantarki yakan wadatar.

Na huɗu, “shuuu” kamar saukar yayyafi, ko ƙara irin ta ƙararrawa. A nan akan ɗauki busasshen tsinke a ƙwanƙwasa bawul ɗaya bayan ɗaya a hankali. Wanda lasifika ta amsa bugunsa da ƙarfi, shi ne ya gaji.

Na biyar, “ƙiii” mai tsaga kunne. Sau da yawa wannan ba lalacewa ba ce. Jita ce ta kusanci lasifika, sautin yana fita yana komawa. Ja da baya shi ne magani.

Hatsarin da Ke Ciki

Akwai abubuwa biyu da ba a wasa da su. Amfilifayar da aka ƙera domin Amurka wutar bolt 120 take ci, ta Nijeriya kuwa 230 ce. In aka jona ta ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, nan take za ta ƙone. Sannan kwandansocin nan sukan riƙe wutar da ta haura bolt 400 ko bayan an zare filogi, wadda ta isa ta yi kisa. Saboda haka buɗe cikin akwati aikin gwani ne, kada garin neman gira a rasa ido.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙarar amfilifaya ba ta tashi haka kawai. Mai gaggawar canza kaya yakan zubar da lafiyayyen bawul mai wuyar samu, ƙugin kuma yana nan. Wanda ya saurara, ya raba hanya, sannan ya taɓa, shi ne yake ceton aljihun makaɗi, ya kuma tsawaita ran kayan da suka ga tarihin kiɗan Kano.