Ƙullutun kitse a hannu ko ƙafa: yaushe ya kamata a yi aiki?

Kusan kowace unguwa muna da mai ɗauke da wani ƙullutu a damtse, a kafaɗa ko a cinya, shekara da shekaru, ba ciwo ba ƙaiƙayi. In ka taɓa shi laushi gare shi, yana zamewa ƙarƙashin yatsa. Galibi shi ne abin da likitoci ke kira lipom, wato kitse ne ya dunƙule cikin wata ƴar jaka siririya ƙarƙashin fata. An fi ganinsa ga masu shekara 40 zuwa 60. Ba jifa ba ne, ba a ɗaukarsa wajen wani, kuma ko mutum ya rame ƙullutun yana nan daram.

Ƙarami da ba ya damun mai shi, sau da yawa likita zai ce a bar shi. Ana cire shi in yana ciwo, ko ya danne jijiya har yatsu suna mutuwa, ko ya hana lanƙwasa gwiwa. Aikin bai da tsawo: allurar kashe zafi a wurin, a tsaga fata, a fiddo kitsen tare da jakarsa, a ɗinke. Mutum ya koma gida ranar, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. In an fiddo shi duka, da wuya ya dawo.

Inda muke so a buɗe kunne shi ne nan. Akwai wani ciwon daji na kitse, liposarkom, wanda da farko kamarsu ɗaya, kuma cinya ce wurin da ya fi zama. Ƙullutun da ya wuce santimita 5, kamar ƙwan kaza ke nan, ko yake can cikin tsoka, ko ya yi tauri ba ya motsi, ko ya soma girma da sauri, wannan ba a yi masa gaggawar wuƙa. Sai an fara da hoton ekografi, wani lokaci IRM, a ɗebi ɗan ƙanƙane a auna. Dalili kuwa, in daji ne aka tsaga shi da ka, ana iya watsa shi cikin naman da ke kewaye, aiki na biyu ya fi na farko girma, har ta kai ga rasa ƙafar.

Shi ya sa ba mu goyon bayan kai wa wanzami ya tsaga ko ya kafa ƙaho. Wannan ba maruru ba ne, babu mugunya a ciki da za ta fito, kuma a hamata da bayan gwiwa manyan jijiyoyin jini na nan kusa.

A fara da CSI mafi kusa, su za su ba da takardar zuwa asibitin gunduma, ko babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Bayan aiki a tambayi likita ko an aika abin da aka cire wajen awo, kuma a koma a karɓi sakamakon.