Yawon Keke a Hanyoyin Karkara: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A wurinmu keke abin aiki ne. Shi ke kai manomi gona, ya kai ɗalibi makaranta, ya ɗauko buhu daga kasuwa. Shi ya sa da zarar mutum ya samu babur sai ya jingine keken a zaure har ƙura ta rufe shi. Ni dai ina ganin asara ce babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, kuma fita uku ta awa ɗaya ɗaya a kan keke ta biya wannan bashi har da rara, ba tare da gwiwa ta sha wahalar da take sha a wajen gudu ba. Tun 2018 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga Yuni a matsayin ranar keke.

Ba sai kun sayi keken tsere ba. Tsohon Raleigh ko Phoenix ya isa, muddin birki na kamawa, kaca ba ta zamewa, tayoyi ba su sule ba. Siririyar tayar nan ta 'yan tsere don kwalta aka yi ta. A burji da yashi mai faɗi ta fi ta. Ku dai gyara sirdi: idan feda ta sauka ƙasa, ƙafa ta kusa miƙewa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Yawancin ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke daga sirdin da ya yi ƙasa yake fitowa.

Abin da ya raba tuƙin gari da na karkara shi ne ƙasa, kuma kowane yanki da irin tasa. A kewayen Zariya, wajen Samaru da Shika da gindin Dutsen Kufena, jar ƙasa ce mai tauri: da rani keke na gudu a kanta, da damina kuwa sai ta yi santsi, taɓo ya cushe tsakanin taya da birki. Idan aka nausa arewa, Daura, Kazaure, Maraɗi, yashi ne sarki. A nan sabon shiga ke faɗuwa. Yana cikin tafiya sai tayar gaba ta nutse, kan keke ya fara rawa, ya tsorata ya damƙe birkin gaba, sai ga shi a ƙasa. Dabarar ita ce mutum ya ja jikinsa baya a kan sirdi, ya sassauta riƙon kan, ya ci gaba da taka feda ba tsayawa, idonsa na can gaba inda fako yake. Rage wa taya iska kaɗan yana taimakawa, amma kada ta yi laushi har ƙarfe ya riƙa dukan dutse. Inda yashin ya yi zurfi, a sauka a tura, babu abin kunya. A Jos kuma, inda tudun ya haura mita 1,200, iska na da sanyi amma hawa da gangara sun yi yawa. Can keke mai giya ke nuna amfaninsa. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa suna da zurfi, kada zafi ya ja kowa ya faɗa wanka.

Sai ƙaya. Tun da John Boyd Dunlop ya fito da tayarsa mai iska a 1888 mahaya keke ke fama da ƙaya, kuma a burtalin da aka yi wa shinge da magarya ko aduwa ba a rasa ta. Mai faci yana iya yin nisa, don haka ku tafi da famfo da sholisho da 'yar roba. Bayan an gano hudar, a kankare wurin, a shafa sholisho siriri, a jira ya daina sheƙi kafin a manna robar. Gaggawa a nan ita ke sa faci ya ɗaye. Kafin a mayar, a bi cikin tayar da yatsa a hankali. Sau da yawa ƙayar tana nan maƙale, kanta kawai ya leƙo, kuma in ba a cire ta ba za ta sake hudawa kafin a kai gona ta gaba.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne kaka zuwa hunturu, da sassafe bayan sallar asuba ko bayan la'asar. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya haƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, saboda haka hantsi na ɗagawa a kasance an juyo. A riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai kama ba. Jiri, ciwon kai ko tashin zuciya alama ce ta a nemi inuwa nan take. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Akwai abin da nake so matasan birni su riƙe da kyau: hanyar nan ta masu ita ce. Kada a ratsa shuka don yanke hanya. Idan an haɗu da garken shanu a tsaya su wuce, jaki mai kaya da mata masu tulu a ba su hanya tun daga nesa da ƙararrawa. An iske dattijo a bakin gona, a sauka: "Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki. Wannan hanyar tana ɓullewa kuwa?" Matambayi ba ya ɓata, kuma shi ne zai gaya muku ko rafin gaba ya kawo ruwa, abin da taswirar waya ba ta sani ba.

Tambayar nan ta ƙara zama dole yanzu, domin akwai dazuzzuka a Zamfara da Katsina da yankin Birnin Gwari da ba a shiga yawo saboda 'yan bindiga. Ku bi hanyar da mutane ke bi kullum, ku fita ku biyu ko uku, ku faɗa a gida inda kuka nufa da lokacin dawowa. In hanya ta fito da ku kan kwalta, ku kama hannun dama, ku jeru ɗaya bayan ɗaya, da hular kwano a ka da riga mai haske, ku kuma shigo gari kafin magariba, domin yawancin kekunanmu ba su da fitila.