Santsin da Muka Shimfiɗa wa Iyayenmu

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. In tana nemana, sai dai ta ce wa wani yaro, "Je ka ce masa ya zo." Wannan alkunyar ce ta hana ta kirana ranar da ta faɗi a banɗaki, da asubar wata Talata cikin hunturu, alhali ɗakina na kallon nata. Jikarta ta yi ta kira ƙasa-ƙasa har yarinyar ta farka. Da muka rugo, sai muka tarar da sakata a ciki. Ko da mun ɓalle ta ma, ƙyauren ciki yake buɗewa, ga Inna kwance ta tokare shi. Sai da muka fasa allon sama, yarinyar ta zura jiki ta shiga. Wuyan hannunta na dama ne ya karye. Allah Ya taƙaita.

Duk wanda ya zo sannu sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ina amsawa, domin gaskiya ne. Amma tayil ɗin da ta zame a kansa ni na saya shekara biyu kafin nan, fari tas, mai sheƙi kamar faranti, kuma da zuciya ɗaya na saya, ina ganin na fitar da mahaifiyata daga bayin siminti. Tsohon bayinta yana da nasa aibun: can ƙarshen tsakar gida yake, da damina gansakuka kan kama gindin katanga, kujerar wankan kuma 'yar tsugunno ce. Sai dai daɓensa na da kaushi, ƙafa na samun abin kamawa. Ni na zo na kawar da kaushin.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Duba gidajen da 'ya'ya suka gyara wa iyaye bayan Allah Ya hore musu, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram. Tayil mai ƙyalli, bahon wanka mai dogon baki irin na otal, dokin ƙofa mai tudu don kada ruwa ya malalo ɗaki, ƙwan lantarki ɗaya da ke mutuwa in an ɗauke wuta. Abin da ke burge baƙo muka gina, ba mu tuna cewa mai shiga wurin sau biyar ko shida a rana gwiwarta ta haura shekara saba'in tana aiki ba.

Bayan an ɗaura wa Inna hannu na shiga neman sani, abin da na gano kuwa ya tayar mini da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 duk shekara, sama da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne kan gaba. A rahotonta na 2007 ta ce cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa kowace shekara. A Amurka, inda ake ƙirga irin wannan daki-daki, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gano cewa a 2008 kaɗai mutum kusan 234,000 aka kai asibiti da raunin da suka ji a banɗaki. Huɗu cikin biyar faɗuwa suka yi, galibi a wurin wanka. Abin tsoron shi ne ƙashin kwatangwalo. Tsoho in ya karya shi sai kwanciya, kwanciyar ta jawo gyambon baya da ciwon huhu, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ba ya cika shekara bayan karayar.

Me ya sa banɗaki? Domin a nan ne duk raunin tsufa ke haɗuwa lokaci guda. Yanar ido ta sa ba a bambance jiƙaƙƙen wuri da busasshe. Ciwon suga ya kashe jijiyoyin tafin ƙafa, mutum na takawa bai jin abin da ya taka. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, ga maganin hawan jini a jiki, sai tsoho ya miƙe daga tsugunno jinin ya sauka, jiri ya ɗebe shi. Mata kuma bayan al'ada ta ɗauke ƙashinsu kan yi rauni, faɗuwar da yarinya za ta karkaɗe zani ta wuce, ita za ta karya uwa. Mu kuma muna da ƙari a kan na Turawa: alwala. Inna a tsaye take wanke ƙafa, ta ɗaga ɗaya ta dogara da ɗaya, buta a hannu, a kan tayil da ruwan sabulun jiya bai gama bushewa ba. Haka ta faɗi.

Daɓe muka fara taɓawa. Wannan karon da na shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa, da gorar ruwa na tafi. Duk tayil ɗin da aka nuna mini sai in zuba masa ruwa in murza da tafin hannu, wanda hannu ya sulale a kansa in ture shi gefe. Wasu kwalayen akwai alamar ƙarfin kamun ƙafa a jikinsu, ma'aunin Jamusawa ne, daga R9 zuwa R13. R9 na falo ne, wurin wanka a nemi R11 ko sama. Ƙananan tayil sun fi manya, saboda layukan simintin da ke tsakaninsu su ma suna riƙe ƙafa. Wanda ba shi da halin sauya tayil, daɓen siminti da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi tayil mai sheƙi aminci nesa ba kusa ba. Tabarmar roba na taimakawa, amma in ba ta kama ƙasa sosai ba, ko bakinta ya naɗe, ita kanta tarko ce.

Bahon da na sa mata muka fitar da shi. Tsallaka bakinsa na nufin tsayuwa da ƙafa ɗaya a jiƙe, abin da muke gudu ke nan. Tudun dokin ƙofa ma muka fasa. Mai sa tayil ya ce ruwa zai shiga ɗaki. Na ce to a gyara gangara. Daɓen ya riƙa sauka santimita biyu a kowace mita zuwa rariya, rariyar kuma ta koma can jikin bango, nesa da ƙofa. In gangarar ta gaza haka ruwa ya kwanta, in ta wuce haka tsayuwa ta yi wuya. Kafin ya tafi na sa ya juye bokiti guda muna kallo, har ɗigon ƙarshe ya bi rariya.

Inda muka sha fama shi ne wurin zama da mariƙi. Da Inna ta ji za a kafa ƙarfe a bango, sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwata, "Ki faɗa masa ni ba gurguwa ba ce." Na fahimce ta. Matar da ta yi daka, ta ɗebo ruwa a rijiya, ta yi wa jikoki goma sha ɗaya wanka da hannunta, yau a ce sai ta dafa ƙarfe za ta yi wanka. Ƙanwata ce ta samo bakin zaren. Ta ce, "Inna, kin tuna wurin alwala a Harami? Ba kujeru ne a jere gaban famfo ba, kowa ya zauna ya wanke ƙafarsa? Irinsa Yaya zai yi miki." Inna ta yi shiru, can ta ce, "To, in irin na Makka ne."

Dakali muka gina, tsayinsa santimita 45. Amurkawa, da suka kafa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman a 1990, ƙa'idarsu ta ce kujerar wanka ta kasance tsakanin inci 17 da 19, wato santimita 43 zuwa 48, kuma na ga hikimar hakan da idona. 'Yar tsugunno zama a kanta da sauƙi, tashi ne aiki. A kan dakalin kuwa tafin ƙafarta na ƙasa, gwiwa daidai da ƙugu, tana yunƙurawa sau ɗaya ta miƙe. Wanda ba zai yi gini ba, akwai kujerar wanka mai ƙafafun roba a shagunan kayan asibiti. Kujerar roba ta biki kam kada a kuskura, ƙafafunta kan baje a kan tayil.

Ƙa'idar tasu ta kuma ce mariƙi na kwance ya zauna santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa, kaurinsa daga inci ɗaya da kwata, da tazarar inci ɗaya da rabi tsakaninsa da bango don yatsu su zagaya, kuma ya iya ɗaukar nauyin kilo 113. Na riƙe lambobin, amma ban bi su ido rufe ba, domin Inna gajera ce. Ranar da mai walda zai zo, ƙanwata ta zaunar da ita a kan dakalin da kayanta a jiki, ta ce ta miƙa hannu inda za ta so ta kama in za ta tashi. Inda hannun ya sauka aka shata da alli. Haka aka yi a bakin ƙofa, haka aka yi a gefen masai. Uku muka kafa: ɗaya a tsaye daga shiga, ɗaya a kwance gefen dakali, ɗaya wajen masai. Na wajen masan kada a raina shi, don a ƙididdigar nan ta Amurka waɗanda suka haura 85 fiye da rabin raunukansu a nan suka same su.

A nan zan ja kunnen duk mai shirin wannan aiki. Bulonmu mai rami ne. In aka huda tayil aka ɗaura ƙarfe da 'yan kusoshi a fatar bulo, zai yi kyau a ido, ranar da aka buƙace shi kuma ya tumɓuko da tayil ɗin gaba ɗaya. Sai an fasa wurin an cika ramin da kankare, ya bushe, sannan a kafa. Da aka gama na kama kowanne na saki nauyina duka a kai. Ƙarfen rataye tawul ba mariƙi ba ne, kan famfo ba mariƙi ba ne, haka waɗanda ake mannawa a bango da roba ba tare da huji ba. Tsoho kuwa in zai faɗi, duk abin da ke kusa shi zai cafka, don haka abin da ba zai riƙe shi ba gara a cire shi daga inda hannu ke kaiwa. Namu mun shafa musu baƙin fenti mai kaushi, saboda farin ƙarfe a kan farin bango ɓacewa yake yi a idon mai yana.

Sai ruwa. Bokiti mai lita 20 kilo 20 ne, kuma da shi Inna ke fitowa daga kicin tana tangaɗi, ruwan zafi na fallatsa. Muka sa famfo a gaban dakalin daidai gwiwa, mai hannu da ake turawa, domin yatsu masu amosani ba sa iya murɗa mai zagaye da sabulu a hannu. Muka haɗa shawa mai mesa wadda za ta riƙe tana zaune. Ita dai har yau ta fi son bokiti da moɗa, ba mu hana ta ba, sai dai bokitin a wurin yake cika, ba a ɗauko shi daga ko'ina. Masu hita su lura: ruwa mai zafin digiri 60 na ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ake ba da shawarar kada wanda ke fita a famfo ya wuce 49. Mai ciwon suga kada ya gwada zafi da ƙafa, ya sa gwiwar hannu. Ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti kuwa ba shi da wurin zama a banɗakin tsoho ko na yaro.

Fitila mai caji muka kafa a sama, irin wadda ke kama kanta in an ɗauke wuta, da wata a hanyar gado zuwa ƙofa. Sabulu ya koma cikin ragar soso a rataye, kada ya suɓuce a sunkuya nemansa.

A Japan, tun shekarar 2000 inshorar kula da tsofaffi ke taimakawa da kuɗin irin wannan gyara, har aikin yen 200,000: kafa mariƙi, baje tudu, sauya daɓe, sauya ƙofa, mai da masan tsugunno na zama. Gyaran banɗaki ya fi jinyar karaya araha. A Najeriya dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta yi magana a kan gine-ginen jama'a, amma ɗakin Inna ba ginin jama'a ba ne. Mu da ba ma kai iyayenmu gidan kula da tsofaffi, kuma muna alfahari da hakan, aikin a wuyanmu yake. Abin da na kashe a gyaran duka bai kai kuɗin tayil da bahon da na fara sawa ba.

Na daɗe ina tunanin abin da ya fi ƙona wa Inna rai a makonni shida da ta yi da hannu a ɗaure. Ba zafin karayar ba ne. Ƙanwata ce ke yi mata wanka, kuma kullum in sun fito Inna ba ta haɗa ido da kowa sai bayan azahar. Tsoho zai jure a ba shi abinci a baki, amma suturarsa ita ce ta ƙarshe da yake son a taɓa. Shi ya sa da yawansu in sun faɗi ba sa faɗa, sai dai a ga suna ɗingishi su ce sanyi ne. Suna tsoron a ce daga yau ba za su ƙara shiga su kaɗai ba.

Saboda haka da muka zo kan ƙofa ban yi gardama da ita ba. Kafinta ya juya ƙyauren yana buɗewa waje, aka faɗaɗa ƙofar ta kai santimita 81, ko da wata rana za a shiga da keken marasa lafiya ko mutum biyu a jere. Na so a bar ta ba makulli. Inna ta aiko ƙanwata ta ce ba za ta yi wanka a ɗakin da ba ya kulluwa ba. Muka sa irin makullin da ake murɗawa daga ciki, amma ana iya buɗe shi ta waje da bakin cokali. Cokalin na nan rataye a ƙusa saman ƙofar, inda yara ba sa kaiwa. Ta san da shi, ba ta taɓa tayar da maganarsa ba, mu ma ba mu taɓa sauko da shi ba.