Bindigar Farauta Mai Ɗana Kanta: Abin Da Bidiyon TikTok Bai Faɗa Maka Ba

Ka taɓa cin karo da bidiyon maharban Amurka, wani ya saita barewa, tas! tas! sau biyu ba tare da ya taɓa komai ba sai kunama? Nan take za ka ga ana rubuta "AK ce" a ƙasa. To, ba ita ba ce.

Wannan bindiga mai ɗana kanta ce. Duk jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya ne ke fita. Ƙarfin hayaƙin harbin ne ke tofar da kwanso ya ɗora sabon harsashi. Ita kuwa AK-47 ta soja, muddin ka danne kunama, za ta yi ta aman wuta.

Maharbin da ya san abin da yake yi, dabbar yake fara dubawa kafin bindigar. Mai neman zomo ko kurege, ƙaramin harsashi .22 ya ishe shi, shi ya sa Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, take da farin jini har yau. Amma ka harbi barewa da shi, sai dai ka raunata ta, ta shige daji ta mutu da azaba. Barewa sai irin su .308 ko .30-06, waɗanda Browning BAR ke ɗauka.

Amfaninta? Harbi na biyu cikin sauri, kuma ba ta dukan kafaɗa sosai. Matsalarta: nauyi, tsada, ga shi idan datti ya taru sai ta cije. Wallahi ni na fi fahimtar tsofaffin maharba da ke riƙe da wadda ake ɗanawa da hannu; wanda ya san harbi ɗaya gare shi, ba ya gaggawa.

Sai doka. A Amurkar ma ba ko'ina ba ne: jihar Pennsylvania sai a 2017 ta yarda a yi farautar ƙananan dabbobi da ita, ban da barewa. Birtaniya ta haramta manyan irinta a 1988, bayan kisan Hungerford.

A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe ko bindigar toka ta kakanka sai da lasisi. Don haka idan wani ya turo maka saƙo cewa yana da ta sayarwa, ka sani ba harkar farauta yake gayyatarka ba, harkar gidan yari ce.