Sayen mako guda a gidan hutu ko biyan otel: lissafin da ba a yi wa mai saye

A garuruwan shaƙatawa irin su Orlando da Las Vegas a Amurka, ko tsibiran Kanari na ƙasar Sipaniya, tayin yakan fara ne da kyauta. A ba mutum tikitin wurin wasan yara ko kwana biyu a otel da ragin farashi, da sharaɗin ya halarci wani zama da aka ce ba zai wuce awa ɗaya da rabi ba. A zaman ne ake zagayawa da shi cikin wani gida mai ɗakuna biyu da falo da kicin, ga tafkin wanka a ƙasa, sannan a ce masa zai iya mallakar mako guda a wannan gida duk shekara, maimakon ya riƙa zuba kuɗinsa a otel. Galibi akan ƙara da cewa farashin na yau ne kaɗai.

Wannan shi ne tsarin da Amurkawa ke kira taimshiya, Faransawa kuma multipropriété. Ƴan Nijar mazauna Faransa da Beljiyam da Amurka, musamman waɗanda suka fara samun zama da iyali, suna cikin irin mutanen da ake yi wa tayin. Ya yi kama da watanda: mutane da yawa su haɗa kuɗi kan sa guda. Bambancin shi ne san watanda ana yanka shi a raba nama kowa ya kama gabansa, shi kuwa wannan ba a yanka shi, duk shekara sai kowa ya kawo kuɗin dusa.

Tsarin ya samo asali ne a Turai cikin shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na Suwizalan ya fara a 1963, sannan aka sayar da makonni a wurin wasan ƙanƙara na SuperDévoluy da ke tsaunukan Alf na Faransa, da hujjar cewa sayen otel ya fi kama ɗaki arha. Daga nan Amurka ta karɓe shi ta mayar da shi babbar kasuwa. Alƙaluman ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, ARDA, na shekarun baya-bayan nan sun nuna matsakaicin farashin saye ya kai kusan dala 24,000, kuɗin kula da gini kuwa ya haura dala 1,000 a shekara.

Inda kuɗin ke tafiya

Mai talla yakan tsaya ne kan farashin saye, amma nauyin yana wajen kuɗin shekara-shekara: gyara, shara, albashin ma'aikata, inshora da haraji. Ana biyansa ko an je ko ba a je ba, kuma masu gudanar da wurin ne ke tsara shi. Idan guguwa ta yaye rufi ko lokacin sabunta ginin ya yi, akan iya aiko wa masu makonni wata takardar biyan kuɗi ta daban.

A ɗauki misali, don lissafi kawai. Magidanci ya sayi mako guda kan yuro 15,000. Da yake yuro ɗaya na daidai da sefa 655.957, kuɗin ya kama kusan sefa miliyan 9.8. Kuɗin shekara ya fara daga yuro 700, yana ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 duk shekara. A shekara ta 15 ya kusa ninkawa, a ta 20 ya kai yuro 1,770. Jimillar kuɗin shekarun 20 ta haura yuro 23,100, wato ta zarce farashin sayen kansa. Idan aka haɗa, yuro 38,100 ke nan, kimanin sefa miliyan 25.

Maƙwabcinsa kuma ya zaɓi kama otel ko gidan haya na kwana bakwai kan yuro 150 a dare, yuro 1,050 a mako. Ko da farashinsa ma ya riƙa hawa da kashi 5 cikin 100, abin da zai kashe a shekara 20 kimanin yuro 34,700 ne. Tazarar ba ta da yawa, kuma nan ne mai talla ke samun bakin magana. Sai dai lissafin ya ɗauka cewa an biya kuɗin sayen lakadan, kuma ba a taɓa fashin shekara ko ɗaya ba. Da wuya duka biyun su tabbata.

Da yawa daga masu saye bashi suke ci daga kamfanin da ya sayar musu, kuma kuɗin ruwan irin wannan bashi a Amurka yakan kai kashi 13 zuwa 15 cikin 100, nesa da na bashin sayen gida. Yuro 15,000 a kan kashi 14 cikin 100 na shekara 10 na nufin biyan kusan yuro 233 duk wata, jimilla kusan yuro 28,000. Da kuɗin shekara-shekara, makon nan ya tashi a kan yuro 51,000, sama da sefa miliyan 33. Ga wanda ke ƙyamar riba saboda addini, maganar ta ƙare tun a nan.

Batun fashin shekara kuwa shi ya fi shafar ɗan ci-rani. Ma'aikaci a Faransa yana da hutun mako biyar a shekara, na Amurka sau da yawa biyu ne kacal. Wanda iyayensa ke Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ya san inda hutun nan yake tafiya: Sallah, bikin ƙanwa, ta'aziyya, duba ginin da aka fara. Idan cikin shekara 20 ya yi fashi sau biyar, kowane makon da ya mora ya tsaya masa a kan yuro 2,500 da wani abu, ko da bai ci bashi ba. Mai otel kuwa shekarar da bai je ba, ko dala ba ta fita daga aljihunsa. Ga wanda ke zaune a Nijar lamarin ya fi haka wuya. Air France ta dakatar da zuwa Yamai tun watan Agustan 2023, ofishin jakadancin Faransa kuma ya rufe a farkon 2024. Mako a Sipaniya ba ya ba mutum biza, amma takardar kuɗin shekara za ta iso.

Akan ce wa mai saye zai iya musanya makonsa da wani a wata ƙasa ta hanyar kamfanoni irin su RCI, wanda aka kafa a 1974, ko Interval International. Gaskiya ne, amma akwai kuɗin zama mamba da kuɗin kowace musanya, kuma makonnin hutun makaranta, waɗanda mai iyali ke so, su ne kowa ke rububi. A sabon salon ma ba mako ake sayarwa ba, maki ne, kuma samun ɗaki ya danganta da wanda ya riga yin rajista.

Ba gida ba ne

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne kalmar mallaka. Wanda ya taso yana ganin filin da aka saya a gefen gari ya ninka kuɗinsa cikin ƴan shekaru zai ɗauka nan ma haka ne. A Faransa, bisa dokar 6 ga Janairun 1986, mai saye ba ya mallakar ko bulo ɗaya. Hannun jari yake saye a kamfanin da ya mallaki ginin, wanda ke ba shi damar kwana na wani lokaci. Sannan babban kaso na farashin farko, wanda kan kusanci rabi, yana tafiya ne a talla da kamashon masu sayarwa da kyaututtukan nan na jawo mutane. Shi ya sa darajar ke faɗuwa da zarar an sa hannu. A shafin eBay ana samun makonnin da aka sa wa farashin dala ɗaya, masu su na neman wanda zai karɓi nauyin kawai.

Nauyin kuma yana iya bin gado. A Faransa sai a 2009 aka ba kotu damar sallamar mai hannun jari idan yana da ƙwaƙƙwaran dalili, a 2014 kuma dokar ALUR ta ba magada damar ficewa cikin shekara biyu da samun gadon. A Sipaniya dokar 1998 ta kayyade wa'adin kwantaragi zuwa shekara 50, a 2015 kuma kotun ƙolin ƙasar ta soke kwantaragin da aka rubuta ba tare da ranar ƙarewa ba, abin da ya buɗe ƙofar ƙararraki masu yawa.

Akwai waɗanda tsarin ke yi wa amfani. Iyali mai mutum shida ko bakwai, wanda a otel sai ya kama ɗaki biyu ko uku ya kuma sayi abinci a waje, yana iya cin riba da gida mai kicin idan yana zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya duk shekara. Idan a hannun wani ya saya, a ce yuro 1,000 maimakon 15,000, lissafin misalin nan ya sauko zuwa kusan yuro 24,000, ƙasa da na otel sosai. Sai dai arhar ba ta cire wajabcin biyan kuɗin shekara, kuma shi ma wata rana zai nemi wanda zai karɓa.

Tsarin ya isa har Makka. A farkon shekarun 2000 kamfanin Munshaat na Kuwait ya sayar da haƙƙin kwana a Hasumiyar Zamzam, cikin gine-ginen Abraj Al-Bait da ke fuskantar Harami, ta takardun da ake kira sukuk al-intifa, na tsawon shekara 24, farashi kuma ya danganta da lokacin shekara. Wannan aƙalla yana da ranar ƙarewa. Amma tambayar da ke gaban mai son Umra duk shekara ita ce dai ta mai son bakin teku: sau nawa zai iya zuwa da gaske, da kuɗin jirgi da biza a kansa?

Ga wanda ya riga ya sa hannu, kwanakin farko su ne masu tsada. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma haramta wa mai sayarwa karɓar ko da kafin alƙalami a cikin wannan wa'adi. Duk wanda ya nemi a biya shi nan take a ƙasar Tarayyar Turai ya karya doka. A Amurka wa'adin ya danganta da jiha: kwana 10 a Florida, bakwai a Kaliforniya, biyar a Nevada. Janyewar a rubuce ake yinta, zuwa adireshin da ke cikin kwantaragi, a kuma ajiye shaidar aikawa.

Bayan wa'adin ya wuce, wata kasuwar ce ke jiran mutum. Sai a kira shi a waya a ce an samo wanda zai sayi makonsa da tsada, amma sai ya fara tura kuɗin haraji ko na lauya. A 2023 ma'aikatar kuɗin Amurka ta ƙaƙaba takunkumi kan wasu kamfanoni a yankin Puerto Vallarta na Meziko, bisa zargin suna yi wa ƙungiyar masu safarar ƙwayoyi ta CJNG irin wannan damfara, wadda ta fi faɗawa kan tsofaffi. Mai sayen da aka yi alkawari ba ya bayyana, kuma bayan an tura kuɗin farko akan sake kira a ce akwai wani harajin da aka manta.